Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyoyin 'Yan Kasuwar Kano: Ku Ba Mu Shafi Ɗaya Mu Gwada

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena shugabannin kasuwar Kantin Kwari, da Sabon Gari, da Singa, da Ƙofar Wambai, da Ƙofar Ruwa, da Dawanau, da Kurmi, da Rimi, da 'yan waya na Farm Centre, da sauran waɗanda ban ambata ba, ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga mahaifi. Ya kasuwa? Ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara rufin asiri, ya sa albarka a nema.

Ni ma'aikaci ne a wata ƙaramar jaridar Hausa da ke fitowa mako-mako a nan Kano. Ba ni nake rubuta labari ba. Aikina neman talla: in rataya jaka da kwafin jarida da takardar farashi, in bi shago-shago ina neman wanda zai sayi fili a shafinmu. Da yawa daga cikinku sun san fuskata ko da ba su riƙe sunana ba, don na sha zama a bencin ƙofar ofisoshinku ina jiran a fito daga taro. Na rubuto muku a fili ne saboda maganar da ke bakina ta fi ƙarfin minti biyun da nake samu tsakanin fitar wannan kwastoma da shigowar wancan, kuma magana ce da ta shafi kasuwa gaba ɗayanta.

Bari in fara da abin da ya same ni a Kwari bara, ana saura 'yan makonni azumi, lokacin da kowa ya san kasuwar tufafi ke tashi. Na shiga shagon wani Alhaji mai atamfa da leshi, mutumin kirki, wanda ya sa yaronsa ya kawo mini ruwa tun kafin in faɗi abin da ke tafe da ni. Na shimfiɗa jarida a kan dilar da ke gabansa, na nuna masa rabin shafi, na nuna kwata, na nuna 'yar akwatin da ba ta fi tafin hannu ba. Ya saurare ni har na kai aya. Sai ya zaro wayarsa, ya buɗe WhatsApp, ya nuna mini hoton wani sabon zane da ya ɗora da safe, ya danna ƙasa, sunayen waɗanda suka gani suka jero. Ya ce, "Malam, ka ga waɗannan? Ba wanda ban sani ba a cikinsu. Wannan Hajiyar a Maraɗi take, wannan a Jos, wannan kuwa har ya turo kuɗin turmi goma. Kai naka wa zai gani? Su nawa ne? A ina suke?" Na shiga kame-kame, ina cewa jaridarmu tana zuwa jiha kaza da jiha kaza. Ya naɗe jaridar da kyau, ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ai cinikin biri a sama ne. Albarka."

Na fito da zafin maganar a ƙirjina, amma kafin in kai bakin titi na san gaskiya ya faɗa. Tambaya uku ya yi mini, irin wadda kowane ɗan kasuwa zai yi kafin ya zaro kuɗi, kuma ban amsa ko ɗaya ba.

Shi wannan Alhajin ya faɗi dalilinsa ƙarara. Wasu sai an saba suke faɗa. Shekarun da na yi ina wannan yawon sun koya mini cewa in ɗan kasuwa ya ce "sai maigida ya dawo" ko "ka zagayo bayan sallah", da magana a ƙasa. Wani rediyo ya riƙe, kuma ban ga laifinsa ba: tun da aka buɗe Freedom Radio a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa a Kano, kuma muryar rediyo na shiga kunnen wanda bai taɓa zama a aji ba, tana shiga kicin, tana shiga adaidaita sahu. Wani ya biya mai barkwanci a TikTok ya zo shagon ya yi minti ɗaya, washegari mata suka cika layin. Wani kuma gadon kwastomominsa ya yi daga mahaifinsa, a ganinsa mai kaya masu kyau ba ya shela. Talla a wurinsa na yarinya ne mai farantin gyaɗa a ka, ko na wanda kayansa suka yi kwantai. Akwai masu cewa a buga, in sun ga amfani su biya. Na yarda da hakan sau da dama a farkon aikina, na ƙare da bin bashin da kuɗin motar zuwa karɓarsa ya kusa cinye kamashon da ke ciki.

Dalilin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne tsoro. Wani dattijo a Singa ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, so kake in buga sunana da lambar shagona a takarda, gobe masu karɓar haraji su zo da jaridar a hannu su ce ashe kai babba ne?" Wani ya ce mini tun da satar mutane don kuɗin fansa ta yawaita a ƙasar nan, ko sabuwar mota ba ya son a gan shi a ciki, balle hotonsa a shafi mai kala. Akwai mai tsoron baki. Akwai mai tsoron dangi na nesa su ga alamar buɗi su yi sallama. Akwai mai tsoron maƙwabcin rumfa ya ga farashinsa ya karya. Bakano ya tashi ne da sanin cewa rufin asiri ya fi nuna arziki, kuma duk wanda ya zo sayar masa da talla bai fahimci wannan ba, zai yi ta ɗauka rowa ce ko rashin wayewa, alhali mutum lissafin ransa da na iyalinsa yake yi. Na daɗe ina cikin masu yi muku wannan mummunar fahimtar, kuma ina neman afuwa.

Yanzu in faɗi namu, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Takardar farashin da nake yawo da ita ba don ku aka tsara ta ba. An tsara ta ne ana hangen banki da kamfanin waya da ma'aikatar gwamnati, masu ware kuɗin talla a kasafin shekara. Mai shago ɗaya da yara biyu, wanda jarinsa ke juyawa kullum, in ya biya kuɗin kwatan shafi, turmi kaza ne ya sauke daga kan kanta. Sannan mun saba ɓoye adadin kwafin da muke bugawa. In an matsa mana sai mu faɗi na shekarun da kasuwar jarida ke ci, ko mu haɗa da wanda ya dawo kwantai aka sayar wa masu tsire da masu ƙosai a kilo. Ku kuwa mutane ne masu yadi da mudu da sikeli; wanda ya hana a auna kayansa, kun san sunan da kuke ba shi. Akwai kuma halin karɓar kuɗi a ɓace. Na san wanda muka buga wa talla da kuskure a lambar waya, lamba ɗaya tak ta sauya, aka yi mako biyu wani bawan Allah daban yana amsa kiran masu neman kayan gini. Ba wanda ya je ya ba shi haƙuri sai da ya tako ofis da kansa. Irin wannan mutum in ya koma layinsu ya ba da labari, ƙofa ashirin aka rufe mana a rana ɗaya. Ga shi kuma sau da yawa tallan da muke tsarawa fassarar na Turanci ne, da kalmomin da ba mai faɗarsu a kasuwa, ba farashi, ba kwatancen shago, sai kirari.

Kuna yawan ce mini in rage, kamar yadda ake yi a kowane ciniki. Ina so ku san inda hannuna yake a ɗaure. Takardar da ake buga jarida a kanta shigo da ita ake yi. Masana'antar da aka gina dominta a Oku Iboku ta jihar Akwa Ibom ta fara aiki a 1986, ta tsaya tun cikin shekarun 1990. Tawada daga waje, farantin bugu daga waje, kayan gyaran inji daga waje. Ku da kuke sayo kaya daga Chaina da Dubai ba sai an yi muku bayanin dala ba: kafin watan Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A daidai lokacin ne kuma aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin ɗora ƙunshin jarida a motar Katsina da Gusau da Dutse ya tashi. Abin da mai karatu ke biya a teburin mai jarida, in an cire la'adar mai sayarwa, ba ya biyan takarda da tawadar da ke hannunsa. Talla ne ke cike gurbin. Kuma fili a jarida kayan gwari ne. Ku in atamfa ba ta fita yau ba, gobe tana nan a kan kanta. Ni in daren bugu ya yi ban sayar da kwatan shafi ba, ya tafi ke nan, kamar kwandon tumatir da ya kwana uku a 'Yan Kaba. Sai a cike wurin da hoto, ni kuma in koma gida hannu rabbana.

To, ina ruwanku? Kuna iya cewa kowa ya ji da kasuwarsa, in tamu ta mutu Allah ya ba mu wata sana'ar. Nan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Manyan jaridun Hausa da iyayenmu suka sani, hukuma ce ta haife su, ita ta shayar da su. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939 a zamanin Turawa, daga baya ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna. A nan Kano gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ce ta kafa kamfanin Triumph a 1980, wanda ya riƙa fitar da Albishir da boko, da Alfijir da ajami. Sun yi aiki, ba mai musu. Mutane da yawa a shafukansu suka goge karatunsu. Amma wanda gwamnati ke ciyarwa, ranar da ta ɗauke kwano sai yunwa. A 2012 aka rufe Triumph, sai bayan shekaru aka sake buɗe shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa, ku tambayi mai jarida na kusa da ku rabonsa da ya ɗora ta a tebur.

Mu masu zaman kanmu fa? Ku buɗe kowace fitowa ku duba wa ke biya. Shafin taya mai girma murnar cika shekara a kan mulki. Shafin taya wane murnar naɗin sarauta. Ta'aziyyar babban mutum. Sanarwar ma'aikata. Sai 'yan layukan canjin suna na masu gyaran takardun banki da katin ɗan ƙasa. Masu ƙaramar sana'a da ke zuwa da ƙafarsu ba a nema ba, yawancinsu masu maganin da ke warkar da cuta arba'in ne, waɗanda da ka tambayi lambar NAFDAC sai su miƙe. Waɗannan muna mayar da su, duk da muna matuƙar buƙatar kuɗin.

Ga abin da hakan ke haifarwa, kuma a gabana aka yi. Wani abokin aikina ya yi kwanaki yana bin ɗaya daga cikin kasuwanninku, yana tattara rasit na kuɗaɗen da ake karɓa a hannun 'yan tebura: na shara, na wuri, na kaza, wasu ko hatimi babu. Ya ji ta bakin masu biya, ya nemi ta bakin masu karɓa. Labari ya kammala, har an tsara shi a shafi. Da yammar ranar bugu aka kira daga wani ofis mai shafi biyu na talla a wannan fitowar, ga kuma tsohon bashinmu a wurinsu. Ba su yi barazana ba. Tambaya kawai suka yi, ko gaskiya ne abin da suka ji. Aka cire labarin. Editanmu ba mugu ba ne, ba kuma matsoraci ba. Albashin mutane ne a wuyansa, ya duba littafin shiga da fita ya ga babu sunan ɗan kasuwa ko ɗaya a cikin waɗanda ke riƙe da jaridar. Ni na kawo wancan tallan mai shafi biyu. Na karɓi kamashona, kuma har yau in na bi ta gaban teburan nan ina jin nauyin masu su.

Ku tuna lokutan da kuka so a ji kukanku. Gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ambaliyar da ta shiga shagunan Kwari a Agustan 2022. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, sannan rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da baƙinku na Maraɗi da Damagaram suka ɗauke ƙafa. Tashin 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024. A kowanne an yi ca, kyamarori sun zo, an yi hira, an ɗora a Facebook, bayan kwana uku aka koma wani zancen. Wa ya dawo bayan wata shida ya tambayi ina aka kwana kan alkawarin tallafi, wa ya samu, wa bai samu ba? Wannan aiki ne mai cin lokaci, sai wanda ake biya albashi ya zauna a kansa, ya rubuta, a ajiye, yadda bayan shekara biyar za a zaro a ce ga abin da aka faɗa ranar kaza. Jaridar da 'yan kasuwa ɗari ke riƙe da ita da 'yan ƙananan kuɗi, kira ɗaya daga ofis ɗaya ba zai girgiza ta ba.

Kada ku ɗauka sadaka nake nema. Kun fi ni sanin inda ake kai sadaka, kuma kuna kaiwa. Ciniki na kawo, kuma zan faɗi iyakar kayana. Jarida ba za ta cika maka shago da 'yanmata masu neman mayafin yayi ba, wannan aikin waya ne. Mai shayi da mai kayan miya na unguwa ba su da buƙatarmu, na daina ɓata musu lokaci. Amma ku je teburin mai jarida da safe ku ga su wa ke tsaye: malaman makaranta, ma'aikata, 'yan fansho, limamai, masu sayen kaya da sunan makaranta ko asibiti ko ƙungiya. Kwafi ɗaya yana bi ta hannu da yawa, daga ofis zuwa majalisar bakin titi zuwa shagon aski, kuma yana kwana. Hoton da aka ɗora a WhatsApp bayan awa 24 ya ɓace, kuma sai waɗanda kuka ajiye lambar juna ne ke ganinsa. Alhajin nan na Kwari ya ce ba wanda bai sani ba a cikin masu kallon hotonsa, kuma a nan gizo ke saƙar: wanda bai san shi ba fa, ta ina zai gan shi? Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sama da shekara 500, kuma na san ba jarida ce ta kawo fataken Agadas da Barno da Gwanja ba. Amma ko a lokacin, baƙon da bai san kowa ba sai da dillali ya kai shi rumfar da bai taɓa gani ba, aka biya la'ada ba da ƙyashi ba. Aikina bai wuce wannan ba.

Akwai wani mai walda a wajen Ƙofar Ruwa, mai ƙera kujerun makaranta da gadajen ƙarfe. Da ƙyar ya yarda ya sayi 'yar akwati, ya biya ni kashi uku. Muka rubuta abin da yake ƙerawa, da kwatancen wurinsa, da lambar waya, ba hoto ba kirari. Mako na farko shiru, na biyu shiru. In ya hango ni sai ya sauke gilashin walda ya ci gaba da aikinsa. A mako na huɗu wani shugaban makarantar Islamiyya daga wani gari a Jigawa ya kira shi. Ashe yage wurin ya yi ya ajiye a aljihu har sai da kuɗin iyayen yara suka shigo. Aiki ɗaya ne, ba zan ce muku ya zama attajiri ba, amma ya mayar da kuɗin tallansa, ya kuma ƙara yaro ɗaya na wata biyu. Haka tallan takarda yake, a hankali yake tafiya, kuma ya fi amfani ga mai sari da mai ƙira da wanda ya sauya wuri. Wanda gobara ko rusau ko umarnin hukuma ya tashe shi daga inda aka san shi shekara ashirin, yana buƙatar wurin da zai ce ina nan, ga inda na koma.

Ga roƙona. Kowace ƙungiya a cikinku tana da layuka, kowane layi da shugabansa da ma'ajinsa. Kun saba tara kuɗin masu gadi da na shara da na janareta, adashi kuwa kuna yinsa tun kafin a haife ni. Ku ba mu shafi ɗaya da sunan kasuwa. A raba shi gida 24, kowane gida na shago ɗaya, kuɗin ma a raba daidai, yadda abin da zai faɗa kan mutum ɗaya a mako ba zai taɓa jarinsa ba. Ba hoton kowa, ba sunan maigida in ba ya so. Sunan layi, lambar shago, irin kaya, da lambar wayar yaron shago sun isa. Wannan zai rage tsoron da na ambata, tunda ba wanda ya fito gaba shi kaɗai. A saman shafin mu sa farashin mako: buhun masara da gero da wake a Dawanau, shinkafa da sukari da mai a Singa, siminti da rodi a Ƙofar Ruwa, daga bakin wanda ku da kanku kuka wakilta. Shi ne zai sa mutum ya nemi shafin da kansa, ya kuma ajiye shi. Wanda yake so a rubuta nasa da ajami, a rubuta. Da yawa daga cikin iyayenmu har yau da shi suke rubuta bashi a littafi, kuma rashin kula da su na cikin sakacinmu. Ranar da jarida ta fito zan turo wa kowane shugaban layi hoton shafin ya watsa a wayoyinku, takarda da waya su tafi tare.

Abin da na ɗauka a wuyana kuma, bayan na samu amincewar magabatana, shi ne wannan. Ranar da za mu zauna zan zo da rasit ɗin maɗaba'a ku ga kwafi nawa muke bugawa, da littafin masu rarrabawa ku ga nawa ke tsayawa a Kano, nawa ke fita, nawa ke dawowa kwantai. Adadin ba zai burge ku ba, amma shi ne na gaskiya, kuma a kansa za a yanke farashi. Ba za a buga komai ba sai mai shago ya gani ya sa hannu. In muka yi kuskure a lamba ko suna, mako biyu kyauta. Duk wanda ya shiga, ya sa yaronsa ya riƙa tambayar sabon kwastoma, "A ina ka ji mu?", ya ja ɗan layi a bayan littafin ciniki. Bayan wata uku mu zauna mu ƙirga layukan. In ba su biya ba ku ce albarka, ni kuma ba zan sake tare muku ƙofa da wannan maganar ba. Ban kuma ce dole sai tamu ba. Akwai irin su Aminiya da Leadership Hausa, akwai mujallu da ƙananan jaridu. In kun ga wata ta fi mu isa inda kuke so, ku kai can, amma su ma ku ce su nuna muku rasit.

Sharaɗi ɗaya ne ba zan ɓoye ba, don kada a yi ciniki a duhu. Filin talla za ku saya, bakin jarida ba ya cikin cinikin. In aka kama wani a cikinku yana tauye mudu, ko yana ɓoye abinci, ko yana sauya wa kaya buhu, ko shugabanci ya taɓa kuɗin mambobi, za a rubuta, bayan an ji ta bakinsa. In ba haka ba ubangida kawai muka sauya, mai karatu kuma zai gane, ya daina yarda da shafin har da tallan da ke cikinsa. Na san wannan sharaɗin zai sa wasu su ja da baya. Na kuma san a cikinku akwai dattawan da suka fi kowa jin zafin masu ɓata sunan kasuwa, kuma da su nake fatan a fara.

Ina roƙon ku ba ni minti goma a taronku na gaba, ko na ƙungiya ɗaya ne, ko na layi ɗaya. In an fi so a haɗu gaba ɗaya, bajekolin da KACCIMA, wato cibiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kano, ke shiryawa a titin gidan Zoo yana tara yawancinku wuri guda, amma da so samu ne kada mu jira har can, mu fara kafin kasuwar azumi ta tashi. Na riga na tsara samfurin shafin da gidajensa 24, babu kowa a ciki tukuna. Cikin makon nan zan bar kwafi a hannun sakataren kowace ƙungiya, da lambar wayata a baya. Alhajin Kwari da ya ce mini albarka kuwa, shagonsa zan fara komawa da rasit ɗin maɗaba'a a hannu, don tambayoyinsa uku suna nan ban amsa ba.

Allah ya tsare kasuwanninmu daga gobara da asara, ya kawo ciniki mai albarka.

Wassalam.

Ɗanku,
Mai neman talla a wata jaridar Hausa ta mako-mako,
Kano.